KATANGAR ƘARFE A HAMADAR SONORA: DALILAN MASU ƘINTA

Gabatarwa

A darasin labarin ƙasa mun saba zana iyakar ƙasashe da alli a kan allo. Layi ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan, shi ke nan an raba ƙasa biyu. Amma a can inda ainihin iyakar take akwai tuddai da kwaruruka, akwai namun daji masu neman ruwa, akwai kuma mutane waɗanda kakanninsu suke zaune a wurin tun kafin a ja layin. A mujallarmu ta bana muna so mu kai masu karatu wata hamada mai nisa, inda aka mai da irin wannan layi ya zama katangar ƙarfe, mu ga kuma dalilin da ya sa mazauna wurin, da masana, da waɗansu ikkilisiyoyi suka tashi tsaye suka ce ba su yarda ba.

Ina ne wannan wuri?

Iyakar Amurka da Meksiko tana da tsawon kimanin mil 1,954, watau kilomita 3,145. Wani sashe nata ya ratsa ta Hamadar Sonora, tsakanin jihar Arizona ta Amurka da jihar Sonora ta Meksiko. Ruwan saman da akan yi a yawancin wannan yanki bai kai inci 10 a shekara ba. Da bazara zafi yakan wuce digiri 40. Duk da haka ba hamadar rairayi zalla ba ce irin tsakiyar Sahara. Akan yi ruwa sau biyu a shekara: yayyafi a lokacin sanyi, sa'an nan ruwa mai tsawa da iska daga Yuli zuwa Satumba. Saboda haka tana cike da itatuwa masu ƙaya da dabbobi iri iri.

A bakin iyakar akwai wani gandun daji na gwamnati mai suna Organ Pipe, wanda Shugaba Franklin Roosevelt ya keɓe a 1937, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren da duniya ke kiyayewa a 1976. Ya sami sunansa daga wani tsiro marar ganye, mai kama da tinya, wanda rassansa suke miƙe a jere kamar bututun ogan da ake kaɗawa a manyan majami'u. Akwai kuma ɗan'uwansa dogo mai suna saguaro, ana faɗinsa sawaro, wanda yakan yi shekara 150 zuwa 200 a raye. Sai ya shekara 50 ko fiye kafin ya fid da reshensa na fari. Mu riƙe wannan a zuciya, gama abin da katafila ta ture cikin minti ɗaya, jikokinmu ma ba za su ga madadinsa ba.

Daf da layin iyaka, a cikin gandun, akwai wani idon ruwa da ɗan tafkinsa mai suna Quitobaquito, ana faɗinsa Kitobakito. Ƙaramin tafki ne, mutum zai kewaye shi cikin 'yan mintoci. Amma a ƙasar da akan yi tafiyar yini ba a ga ruwa ba, ya fi zinariya daraja. A cikinsa akwai wani ɗan mitsitsin kifi da wata kififiya waɗanda a duk faɗin Amurka nan ne kaɗai gidansu na asali. Wani ɗan mishan na Katolika, Fada Eusebio Kino, ya yada zango a wurin a 1698, ya kuwa tarar da mutane suna zaune.

Mutanen hamada

Waɗannan mutane su ne O'odham. Babban reshensu ana ce da shi Tohono O'odham, ma'ana Mutanen Hamada. A 1853 Amurka ta ƙulla cinikin wannan yanki da Meksiko, ta biya dala miliyan 10. Sabon layin iyaka ya bi ta tsakiyar ƙasarsu, ba a kuwa tambaye su ba. Wannan ba baƙon labari ba ne gare mu. Mun san yadda Turawan Ingila da na Faransa suka ja layi tsakanin Katsina da Maraɗi, wa ya zama ɗan wata ƙasa, ƙane ya zama ɗan wata.

Yawansu ya kai wajen 34,000, kimanin 2,000 daga ciki suna gefen Meksiko. Ƙasar da gwamnatin Amurka ta keɓe musu tana da mil 62 na iyaka. Suna ƙetarewa domin jana'iza, da ziyarar dangi, da zuwa asibiti. Kowace shekara a farkon Oktoba da yawa daga cikinsu sukan taka da ƙafa zuwa garin Magdalena a Sonora domin idin Waliyyi Faransis, inda kuma kabarin Fada Kino yake, gama a can ya rasu a 1711. Samarinsu suna da tsohuwar al'ada ta tafiya bakin teku a kudu su ɗebo gishiri. Sabuwar shekararsu tana farawa ne da girbin 'ya'yan sawaro a ƙarshen Yuni, suna kuma ɗaukar wannan itace tamkar ɗan'uwa. Shugabanninsu sun sha faɗa cewa a harshensu babu kalmar katanga.

Yadda katangar ta samo asali

Sai mu faɗi gaskiya, damuwar gwamnatin Amurka ba ƙage ba ce. A 1994 ta ɗauki wata dabara ta tsare iyaka sosai a manyan garuruwa, da tunanin cewa tsoron hamada zai hana mutane gwada wata hanya. Tsoron bai hana su ba. Baƙin haure da 'yan fasa-ƙwaurin miyagun ƙwayoyi suka koma bi ta jeji, motoci suka yi ta fasa hanyoyi a cikin gandun. Ran 9 ga Agusta 2002 'yan bindiga da suka tsallako daga Meksiko suka harbe wani matashin ma'aikacin gandun mai suna Kris Eggle. Aka rufe mafi yawan gandun ga baƙi har 2014. Tsakanin 2004 da 2006 aka kafa shinge na gajerun turakun ƙarfe domin tare motoci. Wannan shinge ya hana mota wucewa, amma barewa tana ratsawa, ruwa ma yana bin hanyarsa.

A 2005 majalisar dokokin Amurka ta ba ministan tsaron cikin gida ikon jingine kowace doka da za ta kawo jinkiri ga ginin shingen iyaka. A 2006 ta amince da shinge mai tsawon kimanin mil 700. Da Donald Trump ya hau mulki a 2017, katanga ce babban alkawarinsa. Da majalisa ta ƙi ba shi kuɗin da ya nema, sai ya kafa dokar ta-ɓaci a Fabrairu 2019 ya juyo da kuɗin sojoji. Ƙungiyar Sierra Club da waɗansu suka kai ƙara, amma a Yuli 2019 Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da kashe kuɗin yayin da ake shari'a. A Agusta 2019 aka fara aiki a Organ Pipe.

Katangar ba ta bulo ba ce. Turakun ƙarfe ne masu tsawon ƙafa 30, watau mita 9, an cika cikinsu da kankare, an dasa su a zurfafan harsashi. Ratar da ke tsakanin turke da turke inci 4 ce, kimanin faɗin tafin hannu. A gefenta aka share fili mai faɗin ƙafa 60 domin hanyar sintiri, aka kuma kafa sandunan manyan fitilu. Kafin Janairu 2021 an gina kimanin mil 450 a duk iyakar, mafi yawa a gurbin tsofaffin gajerun shingaye.

Dalili na farko: ruwa

Kankare ba ya kwaɓuwa sai da ruwa, hanyar aiki kuma sai an riƙa yayyafa mata ruwa domin ƙura. A hamada, daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo wannan ruwa. Ruwan da ke can ƙasa ya taru ne cikin dubban shekaru, ruwan saman yanzu ba zai iya mai da shi da sauri ba. A gabashin Arizona akwai wani gandun kiyaye namun daji mai suna San Bernardino, wanda aka kafa domin waɗansu kifaye masu wuyar samu. 'Yan kwangila suka riƙa jan dubban ɗaruruwan galan a rana daga wata rijiya kusa da shi. Ƙarfin ruwan da ke bulbulowa da kansa ya ragu, har ma'aikatan gandun suka kwashe kifaye, suka bar waɗansu tafkuna suka ƙafe domin su ceci sauran.

A Kitobakito hukuma ta yi alkawarin ba za ta ja ruwa a cikin mil 5 daga idon ruwan ba. Duk da haka a tsakiyar 2020 ruwan ya ragu fiye da yadda aka taɓa aunawa, laka ta bayyana a tafkin. Dalilan sun haɗu: an yi fari a shekarar, manoma a gefen Meksiko sun daɗe suna jan ruwa, gindin tafkin ma yana yoyo, sai a 2022 aka gyara shi. Maganar masu ƙin katanga ita ce, marar lafiyar da ke kwance ba a ƙara masa kaya.

Abin mamaki, yawan ruwa ma matsala ne. In an yi ruwa mai ƙarfi, busassun koramu sukan cika nan da nan, su kwaso itace da ciyawa. Tarkacen yakan toshe ratar ƙarafan, katanga ta zama madatsa. A Yuli 2008 haka ta faru da wani tsohon sashe na shinge a garin Lukeville, ruwa ya taru har ya fi tsayin mutum, ya malala cikin ofishin shige da fice da kantuna. A Agusta 2021 ambaliya ta tsinke ƙofofin sabuwar katangar kusa da San Bernardino.

Dalili na biyu: namun daji

Dabbar hamada tana rayuwa ne da ƙafafunta. In ruwa ya sauka a kudu ta yi kudu, in ciyawa ta tsiro a arewa ta yi arewa, daidai yadda makiyayanmu suke yi. Wanda ya tare mata hanya ya raba ta da ruwa, ya kuma raba ta da abokin haihuwa. Garken da aka killace wuri ɗaya yakan yi ta auren dangi har ya raunana, fari ɗaya ko annoba ɗaya ta share shi.

Barewar Sonora misali ce. A farin 2002 guda 21 kaɗai suka rage a gefen Amurka, sai da aka kawo waɗansu daga Meksiko aka kiwata su kafin adadin ya farfaɗo. Akwai kuma jaguwa, damisar ƙasashen Amurka. An ƙare da matanta a Arizona tun tuni, 'yan mazan da ake gani daga Sonora suke hawowa. Ɗaya da aka yi wa laƙabi El Jefe, watau Maigida, an yi ta ɗaukar hotonsa a duwatsun kudu da birnin Tucson daga 2011 zuwa 2015, sai ya ɓace, aka sake ganinsa a Sonora a 2021. In an rufe sauran hanyoyin duwatsu, irinsa ba zai ƙara dawowa ba. Har tsuntsu ma bai tsira ba: akwai wata 'yar ƙaramar mujiya wadda yawancin tashinta bai fi tsayin mutum ba.

A 2018 masana kimiyya fiye da 2,500 suka sa hannu a wata takarda a mujallar BioScience, inda aka nuna cewa iyakar ta ratsa mazaunin dabbobi da tsirrai iri 1,506. Wani bincike da aka buga a 2024, wanda aka yi da na'urorin ɗaukar hoto da aka ɗaure a bakin iyaka, ya nuna cewa inda aka sa katanga, ƙetarewar dabbobi ta ragu da kashi 86 cikin 100 in an gwada da inda gajeren shingen motoci yake. Manya irin su gada da beyar ba su iya wucewa sam. An bar 'yan ƙofofi a ƙasa a waɗansu wurare, amma girmansu bai fi fallen takardar jarrabawa ba.

Dalili na uku: kaburbura

A 2019 hukumar gandun dajin Amurka da kanta ta rubuta rahoto cewa aikin zai iya lalata wuraren tarihi har 22 a Organ Pipe. An kuma tsinci gutsattsarin ƙasusuwan mutane kusa da Kitobakito. A Fabrairu 2020 'yan kwangila suka sa nakiya a wani tudu da ake kira Monument Hill, inda O'odham suka ce an binne mayaƙan Apache da suka faɗi a yaƙe-yaƙen da. A ranar da shugabansu na lokacin, Ned Norris, yake ba da shaida gaban kwamitin majalisa a Washington, a ranar ce aka gayyaci 'yan jarida su kalli tashin nakiyar. Ya kwatanta abin da sa katafila a maƙabartar sojojin Amurka ta Arlington.

A Satumba 2020 waɗansu mata biyu 'yan O'odham suka tare motocin aiki kusa da idon ruwan, aka kama su. A Janairu 2022 kotu ta wanke ɗaya daga cikinsu, ta ce abin da ta yi bisa ga addininta ne, doka kuwa ta kare 'yancin addini. Ran 12 ga Oktoba 2020 'yan sanda suka watsa wata zanga-zangarsu a kan babbar hanya da barkonon tsohuwa da harsashin roba. Ko da yake al'adunsu sun sha bamban da namu, mu da muke share maƙabartar ikkilisiya muna kuma ɗaga murya in wani ya shigo da gona cikinta, mun san zafin wannan abu.

Dalili na huɗu: rayukan mutane

Tun shekara ta 2000 an tsinci gawarwakin masu ƙaura fiye da 3,000 a hamadar kudancin Arizona. Ƙishirwa da zafi ne suka kashe mafi yawansu. A nan ne ikkilisiyoyi suka shigo. A 2000 wani fasto a Tucson, Robin Hoover, tare da waɗansu masu bi suka kafa ƙungiyar Humane Borders, suna ajiye gangunan ruwa a jeji da shuɗiyar tuta a kan dogon sanda domin a hango daga nesa. Irin waɗannan ƙungiyoyi sun ce kowane sabon shinge yana ƙara tura talaka wuri mafi hatsari. Tsawon katangar ma ya zama ajali. Likitocin wani asibitin jami'a a San Diego, a jihar Kalifoniya, sun ƙirga masu mugun rauni 67 da suka faɗo daga katanga tsakanin 2016 da 2018. Bayan an ɗaga ta zuwa ƙafa 30, suka ƙirga 375 tsakanin 2019 da 2021, mutum 16 kuma suka mutu.

Shin ta hana shiga? Takardun gwamnati da jaridar Washington Post ta samu a 2022 sun nuna an yanke turakun da zarton lantarki sau 3,272 cikin shekara uku. Waɗansu da tsani suke hawa. A Disamba 2023 mutane suka yi ta kwarara ta wuraren da aka yanke kusa da Lukeville, cikinsu har da 'yan Senegal da Gini da Muritaniya, har sai da aka rufe ƙofar iyakar garin na wata guda domin ma'aikata su ji da su. Galibin ƙwayar fentanil da ake kamawa kuwa a ƙofofin iyaka na hukuma ake kama ta, a ɓoye cikin motoci. Ashe mai zarto da mai tsani sun wuce, barewa da ruwa da tsohuwa mai zuwa jana'iza su ne suka tsaya.

Dalili na biyar: doka

A Amurka akwai dokar da ta ce kafin gwamnati ta yi babban aiki sai ta auna illarsa ta kuma saurari jama'a. Akwai ta kare dabbobi masu ƙarewa ta 1973, akwai ta kare kaburburan 'yan asalin ƙasa ta 1990. Domin katangar Arizona an jingine dokoki da dama, har da waɗannan uku, da sa hannun mutum ɗaya. Masu ƙi suna ganin wannan shi ne uwar matsalar, gama da an yi tambaya tun farko da an san inda ruwa yake bi da inda kabari yake. A Satumba 2023 ofishin bincike na majalisar Amurka ya fid da rahoto da ya tabbatar cewa aikin ya yi ɓarna ga wuraren tarihi, da ruwa, da namun daji.

Abin da masu goyon baya suke faɗi

Adalci ne mu ji ɗaya gefen. Jami'an tsaron iyaka sun ce katanga ba ta tsai da kowa, amma tana jinkirta mai tsallakawa har a cim masa. Sun ce masu ƙetarewa ma suna ɓata jeji da shara, da gobara, da sawun motoci. Akwai makiyaya a bakin iyaka da suka gaji da ɓarayi da yanke musu waya. Kowace ƙasa tana da ikon tsare iyakarta, masu ƙin katanga ma ba su musa wannan ba. Majalisar Tohono O'odham ta yarda da shingen motoci a ƙasarta, a 2019 kuma ta yarda a kafa hasumiyoyin sa ido. Gardamar tana kan irin maganin ne, da inda za a shafa shi.

Inda aka kwana

Joe Biden ya dakatar da aikin ranar da ya hau mulki, 20 ga Janairu 2021. A 2023 aka yi sulhu a kotu, gwamnati ta yarda ta bar ƙananan hanyoyin dabbobi ta kuma riƙa buɗe waɗansu ƙofofin ruwa. Amma Trump ya dawo a Janairu 2025, a Yuli na shekarar majalisa ta ware dala biliyan 46.5 domin katanga. A 2025 ɗin aka fara gina mil 27 a kwarin San Rafael, ɗaya daga cikin hanyoyin jaguwa na ƙarshe, ƙungiyoyin kare muhalli kuma suka sake komawa kotu.

Kammalawa

Katanga a kanta ba zunubi ba ce. Nehemiya ya sake gina garun Urushalima, amma mu tuna sai da ya fita da dare ya kewaya ya duba da idonsa, ya kuma yi magana da jama'a kafin a aza dutse. Littafin Farawa ya nuna mana cewa aikin farko da aka ba mutum shi ne kula da gona da tsaronta. A cikinsa ne kuma muka karanta labarin Hajaratu, wadda rijiya ɗaya a jeji ta ceci ran ɗanta. Kitobakito irin wannan rijiya ce.

Ya ku ɗalibai, musamman 'yan aji shida da za su bar mu bana, a cikinku akwai injiniyoyi da safiyo da kansiloli na gobe. Wata rana za a shimfiɗa muku taswira a ce ku ja layin hanya, ko madatsar ruwa, ko shinge. Kafin ku ja, ku je wurin da ƙafarku. Ku tambayi dattawa inda ruwa yake bi da damina, inda dabbobi suke sha, da inda aka binne iyayensu. Matambayi ba ya ɓata. Ana iya tuge turken ƙarfe in an sake shawara, amma idon ruwan da ya ƙafe da itacen da ya shekara 200 ba su dawowa da umarnin kowa. Allah ya ba mu hikimar riƙon amanar da ya danƙa mana. Amin.